Musayar Baiti Kan Sista Bakhita

Kawu Mai Baiti:
Ku matso, 'yan'uwa, a saka waƙa,
Ta 'yar Darfur, Daju ne danginta.
Tana ƙarama mahara suka sure ta,
Firgici ya mantar da ita sunan yankanta.

'Yar Kagoro:
Kawu, na karɓa, bari in ɗora.
A kasuwar El Obeid aka yi cinikinta,
Gidan hafsan Turkawa ta sha uƙuba:
Da gari aka zana, aska ta bi fatarta,
Tsaga 114, ana cusa gishiri,
Ba mai cewa sannu, balle a ji kukanta.
Jami'in Italiya ya saye ta a Khartum,
A 1885 ya haye teku da ita.

Auta:
Yaya, ku gafarce ni, ina da ja.
An ce ta yafe wa masu sace ta,
Har ta ce da ta gan su, sai ta sumbaci hannunsu.
Wannan ya yi mini nauyi, na kasa fahimta.
Mai gishiri da aska ya tafi salin-alin?

'Yar Kagoro:
Auta, yafiyar ba ta tsoro ba ce.
A Venis uwargijiyarta ta Italiya ta zo ɗaukarta,
Bakhita ta ce ba ta barin gidan sistocin Kanosa,
Aka yi lallashi, ta tsaya kan bakanta.
Kotu ta zauna a Nuwamban 1889,
Ta ce dokar ƙasar ba ta san bauta ba, ta 'yanta ta.
A 1890 ta karɓi baftisma,
A 1896 ta ɗau alkawarin sista.

Kawu Mai Baiti:
Ni abin da ke taɓa ni, zamanta a gidan sistoci na Schio a Italiya.
Tun 1902 ga tukunya, ga tsaron ƙofa,
Yara na shigowa, tana shafa kansu,
Matalauci ya ƙwanƙwasa, ya tarar da fara'arta.
Wadda aka kulle, ita ke riƙe da mabuɗi!
Haka har 8 ga Fabrairun 1947, ranar rasuwarta.
A 2000 Fafaroma John Paul na Biyu
Ya sa ta cikin tsarkaka, coci ya shaida ta.

Auta:
Kawu, na ji, na rusuna mata.
Amma mahara ba su ƙare ba har yau:
Ta Agadas ake bi da 'yan mata zuwa Libiya,
Wata a kai ta Italiya, a ƙwace takardunta.
8 ga Fabrairu ranar addu'a ce kan fataucin mutane,
Bana zan je, in kai ƙanwata.