Tsatsa ta kama min shasin a-kori-kura, kwalta zan shafa ko baƙin mai?

Direban_Fika:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sani a taimaka. Shasin motata ya yi ja da tsatsa, musamman ta baya wajen da sifirin ke kamawa da saman safaya taya, wani wajen har ɓawo yake yi in ka taɓa. Wani ya ce in fesa irin baƙin fentin nan mai kamar kwalta in huta, wani kuma ya ce baƙin mai kawai zan watsa. Wanne ya fi?

Oga_Bakanike:
Wa alaikassalam. Malam kar ka fesa komai tukuna. Ka hau da ita kan rami a wanke ƙasan tas da ruwa mai ƙarfi, sannan ka ɗau guduma ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa, in ƙarar ta fito rau toh ƙarfen na nan tsatsar sama ce kawai, in kuwa ka ji dum ko sukudireba ta huda, wannan ya wuce fenti sai mai walda ya yanke ya sa sabon ƙarfe. A cire kan batir kafin waldar, a kuma kula da tankin mai.

In ta sama ce ka kankare da buroshin ƙarfe har ɓawon ya zube, ka shafa maganin tsatsa, akwai mai phosphoric acid akwai mai tannic acid, za ka ga wajen ya koma baƙi, ya bushe sannan firaima, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, da fenti. Wannan mai kwaltar kuwa gaskiya ni ban yarda da shi a kan tsohuwar mota ba, da ya tsage ruwa zai shige ƙarƙashinsa ya kwanta, daga waje kana ganin abu baƙi sumul alhali ciki ya gama ruɓewa. A kan sabon ƙarfe mai tsabta ne yake da amfani.

Abu_Hanan:
Oga ya gama magana, sai dai abin da mutane ke mantawa shi ne cikin shasin. Yawancin na yanzu a rufe suke kamar bututu, laka ta shiga ta toshe ramukan da ruwa ke fita, kaga daga ciki tsatsar take fara ci. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, a Amurka inda suke zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, a 2016 Toyota ta amince da sulhu na kusan dala biliyan 3.4 kan tsatsar shasin Tacoma da Tundra da Sequoia. Gishiri da danshi su ne ke hanzarta ta, don haka masu zama bakin teku ko masu ɗaukar takin zamani su ma suna ciki. Ka zura tiyo ka wanke cikin, ka buɗe ramukan da waya, in ya bushe ka fesa mai irin Fluid Film, da maiƙon gashin tumaki ake yinsa, ba ya bushewa yana bin lungu-lungu, amma fa duk shekara sai ka sake.

Direban_Fika:
Na gode sosai. Toh baƙin man fa Oga, tunda shi ma mai ne?

Oga_Bakanike:
Yana ɗan tarewa ba ƙarya, amma yana kumbura roba, bushin ɗinka, wato robobin da ke mahaɗan ƙarafan ƙasan mota, za su yi laushi, ga ɗiga a ƙasa ga dattin inji a cikinsa. Ka bar shi kawai. Kuma ko wanne za ka fesa kar ya taɓa birki da salansa. Tunda za ka shiga ƙasan ma ka duba fayif ɗin birki da ke bin jikin shasin, in shi ma ya yi ɓawo shi za ka fara canzawa kafin ka kashe ko sisi a fenti.