Neman wani sojan Jamus da ya ɓace a kwashe mutane ta teku a 1945, ta ina zan fara?

Baƙon_Kiel:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin tarihi ku taimaka min. Shekarata uku a Jamus, tsohuwar da nake haya a gidanta ta haura tamanin, mun saba sosai har Oma nake ce mata irin yadda jikokinta ke kiranta. Rannan muna shan shayi ta ɗauko wani tsohon gwangwani mai wasiƙu ta fara ba ni labari, wai tana shekara shida mamanta ta hau jirgin ruwa da ita daga tashar Pillau ta gabashin Prussia farkon 1945 suna gudun sojan Rasha, suka ƙare a sansanin 'yan gudun hijira a Denmak. Babanta soja ne aka ji masa rauni, wasiƙarsa ta ƙarshe yana cewa yana kwance a asibitin sojoji wajen Königsberg ana jiran a sa su a jirgi, daga nan shiru kake ji har yau. Idonta ya yi rauni, ba ta iya kwamfuta, ni kuma Jamusancina na cefane ne kawai. Shin akwai inda ake samun jerin sunayen fasinjojin jiragen nan? Wlh ta ba ni tausayi, na riga na yi mata alkawari.

Malam_Tarihi:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka. Abin da ya rutsa da su shi ake kira Operation Hannibal, Admiral Dönitz, shugaban rundunar ruwan Jamus, ya ba da umarnin fara shi ran 23 ga Janairu 1945, lokacin da sojan Sobiyet ke gab da datse gabashin Prussia ta ƙasa, hanya ta rage sai teku. Mutane suka yi ta tsallaka ruwan Frisches Haff da ya daskare da kekunan doki don su kai Pillau ko Danzig, aka tattaro duk abin da ke iya yawo a ruwa, jirgin shaƙatawa da na kaya da na kamun kifi, ana jigila har zuwa Mayu.

Amma maganar jerin sunaye gara in gaya maka gaskiya tun yanzu, kar ka sa rai. Duba Wilhelm Gustloff, jirgin da aka ƙera don mutane ƙasa da dubu biyu, da farko ana rubuta masu shiga, da turmutsitsin ya yi yawa aka aje biro, har bayan ya bar tashar Gotenhafen mutane na hawa daga ƙananan jirage. Daren 30 ga Janairu jirgin ƙarƙashin ruwa na Sobiyet S-13 ya harba masa tofido uku suka same shi, cikin kamar awa ɗaya ya nutse. Adadin da za ka gani ko'ina a intanet, 9,343 da suka mutu, lissafin Heinz Schön ne, wanda ma'aikaci ne a jirgin ya tsira sannan ya ƙare rayuwarsa yana tattara shaidu. Aiki ya yi babba ba musu, sai dai ƙiyasi ne, kuma yadda lambar ta fito daki-daki har da 3 a ƙarshe ta kan ruɗi mutane su ɗauka an ƙirga gawa ne.

Wanda ya fi shafarku shi ne jirgin Steuben. Daga Pillau ya tashi ran 9 ga Fabrairu da raunatan sojoji wajen 2,800 ban da farar hula da ma'aikatan jinya, S-13 ɗin nan dai ta kyaftin Marinesko ita ta harbo shi bayan tsakar dare, cikin minti ashirin ya tafi, kuma ka san mutumin da ke kwance a ƙasan jirgi da ƙafa a ɗaure ba inda za shi. Wajen mutum dubu huɗu suka tafi, waɗanda aka ceto ba su kai 700 ba. Sai 2004 sojan ruwan Polan suka gano tarkacensa. To duba kwanan watan wasiƙar. Amma ko ya yi daidai kar ka je ka ce wa tsohuwa ga jirgin da babanta ya mutu, raunata dubbai sun bi wasu jiragen sun isa lafiya, wasu kuma ba su ma kai bakin ruwa ba.

Uwar_Hanan:

Ni na taɓa taya wata ƙawata irin wannan neman, na kakanta. Shawarata ka manta da jirgi tukuna, ka bi mutum. Abu uku za ka tambayi Oma, cikakken sunansa, ranar haihuwarsa, garin da aka haife shi. Sannan ka juya ambulan ɗin wasiƙar, akwai wata lamba mai alƙaluma biyar, Feldpostnummer suke ce mata, ita ce ke nuna rundunarsa, in ka same ta rabin aiki ya ƙare.

Fara da shafin Volksbund, masu kula da kaburburan sojoji, kyauta ne kuma har waɗanda suka ɓace suna ciki, minti biyar ya ishe ka. Daga nan ka cike fom ɗin Bundesarchiv, ma'ajiyar tarihin tarayyar Jamus, a Berlin, su suka gaji takardun WASt, tsohon ofishin da ke ajiye bayanan sojojin Jamus, tun 2019, can ake samun rahoton rauni da na kwanciya asibiti in takardar ta tsira daga wuta. Akwai ɗan kuɗi kuma akwai jira, mu sai da muka manta ma sannan amsa ta zo. Sai sashen neman ɓatattu na Red Cross ɗin Jamus a Munich, suna da littattafan hotunan sojojin da suka ɓace waɗanda aka buga bayan yaƙi, an ɗora su a intanet, in mamarta ta taɓa kai cigiya to wataƙila ka ga hotonsa. A sa sunan Oma a takardar tunda ita ce 'yarsa, ya fi sauƙi.

Wahala ɗaya da ba wanda ya gaya mana, rubutun hannunsu na da, Sütterlin. Kamar a ba ka ajamin tsohon malami ba wasali ne, jikokinta ma ba za su iya karantawa ba, ita ce za ta iya in ka ɗauki hoto ka girmama mata a waya. Kuma garuruwan duk sun canza suna, Pillau yanzu Baltiysk ce a Rasha, Königsberg Kaliningrad, Gotenhafen kuma Gdynia a Polan, ka riƙa nema da duka biyun.

Sarkin_Musu:

Ni fa ban gane ba. Su suka tsokano yaƙin, sun kashe miliyoyi a Rasha da Polan, yanzu kuma mu ne za mu zauna muna jimami? Sannan Malam in jirgi ɗauke yake da majinyata ai harbo shi laifin yaƙi ne ko, me ya sa ba a hukunta kowa ba?

Malam_Tarihi:

Sarkin musu ka haɗa tambaya biyu masu karo da juna lol. Ta biyun, Steuben ba jirgin asibiti ba ne a doka. Jirgin asibiti fari ake shafa masa da jan kuros, a sanar da abokan gaba, ba makami. Shi wannan da Gustloff launin toka gare su, da bindigogin harbo jirgin sama, da rakiyar jirgin yaƙi, Gustloff ma ɗauke yake da sojan ruwa wajen dubu masu koyon aikin jirgin ƙarƙashin ruwa. Shi ya sa masana da yawa har a Jamus ba sa kiran abin laifin yaƙi. Marinesko kam sai 1990 aka ba shi lambar gwarzon Tarayyar Sobiyet, ya daɗe da mutuwa.

Ta farkon kuma, yarinya 'yar shekara shida ba ta tsokano komai ba. Amma akwai inda nake tare da kai. Bayan yaƙi Dönitz da mutanensa sun tallata abin a matsayin gagarumin aikin ceto, ana cewa mutum miliyan biyu da wani abu, alhali masanin tarihi Heinrich Schwendemann da ya bi takardun rundunar ruwan ya nuna sojoji da kayan yaƙi da man jirgi aka fifita, farar hula sai in wuri ya rage. Ga kuma jami'an Nazi irin su Erich Koch da suka hana mutane tashi da wuri har sai da wuta ta iso ƙofa, shi ya tsere ta jirgi abinsa. Ƙiyasin da ya fi taka-tsantsan shi ne farar hula 800,000 zuwa 900,000 da sojoji kamar 350,000. Waɗannan takardun na rundunar ruwa suna ma'ajiyar tarihin soja a Freiburg, nan za ka ga wane jirgi ya tashi yaushe da mutum nawa, lamba kawai ba suna.

Kar kuma a cakuɗa da jirgin Cap Arcona na 3 ga Mayu, wancan fursunonin sansanin gwale-gwalen Nazi na Neuengamme ne a ciki, jiragen saman Ingila suka nutsar da shi a mashigin Lübeck.

Uwar_Hanan:

Na manta, ɓangaren Denmak shi ne ma mai sauƙi. Jamusawa wajen 250,000 suka maƙale can, an yi musu rajista, katunan suna ma'ajiyar tarihin ƙasar a Kofenhagen. Sansani mafi girma Oksbøl ne, ya ɗauki sama da mutum 35,000, na ƙarshe sai Fabrairu 1949 suka bar ƙasar. Yara ƙanana dubbai sun mutu a shekarar farko, so ka bi a hankali in za ka tambaye ta ko tana da ƙani ko ƙanwa. An buɗe gidan tarihi a wurin a 2022, daga Kiel ba wani nisa ba ne da mota.

Baƙon_Kiel:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya, Allah ya bar zumunci. Na duba ambulan ɗin yanzu, lambar tana nan, hatimin gidan waya kuma ya goge, watan kawai ake gani, Fabrairu ne. Ban ce mata komai a kan Steuben ba. Kuma Hajiya kin canka, akwai ƙani, ɗan wata takwas, ta ce a Denmak aka binne shi ba ta san a ina ba. Gobe bayan na taso aiki za mu cike fom ɗin Berlin, ta ce in zo da tabarau mai girmama rubutu.