Titi ya zo unguwarmu, ana yanka filin ƙwallo da kududdufi, wa za mu kai wa kuka?

Ɗan Gefen Gari:
Salam jama'a. Don Allah masu sanin harkar filaye ku ba ni haske. Ina zaune a wata unguwa a gefen birnin Kano, irin unguwannin nan na awon igiya, lokacin da mahaifinmu ya sayi fulotinsa gonakin gero ne zagaye da mu, yanzu ko ina bulo. Abu biyu kacal suka rage mana a buɗe, filin da yara ke buga ƙwallo wanda kuma nan muke sallar idi, sai wani tsohon kududdufi a bayansa da duk ruwan unguwa yake gangarawa ciki da damina. To tunda aka fara maganar za a yi mana titi aka zo aka shafa jan fenti a katangu, shikenan dillalai suka yi mana caa. Shekaranjiya na fito zan tafi kasuwa na tarar an kafa turaku a tsakiyar filin, ƙarfen gola ma an tuge an jingine shi a jikin darbejiya, ga tifa tana juye ɓaraguzai a bakin kududdufin. Lokacin zaɓen ƙananan hukumomi a filin nan ɗan takarar kansila ya yi taronsa, ya rantse ba mai taɓa shi, yanzu wayarsa ba ta shiga. Shin kansila ko ciyaman suna ma da ikon hanawa ne, ko romon baka aka yi mana? Wallahi ba titin muke ƙi ba, mun sha wuyar taɓo, mai adaidaita ko nawa za ka ba shi ba ya shigo mana in an yi ruwa.

Tsohon Safiyo:
Wa alaikumus salam. Yaro bari in gaya maka gaskiya ko ba daɗi, kansilanku ya yi alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo, ta damƙa ƙasar jiha ne amana a hannun gwamna. Duk inda aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne ke ba da takardar mallaka, shi ne kuma zai iya soke ta idan za a yi aikin jama'a kamar titi. Ƙaramar hukuma ikonta yana ƙasar karkara, can ne take ba da izinin gona ko wurin zama ko kiwo. Matsalar unguwanni irin taku ita ce gari ya riga ya cinye ku amma takardunku na ƙauye ne, yarjejeniya a fallen takarda da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu.

Don haka kafin ku je ko ina ku fara gano filin na waye. In gonar wani ce da ya bari ana wasa a ciki don alheri, magada suna da haƙƙin sayarwa, sai dai ku haɗa kuɗi ku saya ko ku roƙi gwamnati ta karɓa ta biya su. In kuwa an taɓa ware shi wa al'umma to ku nemo takardar ko dattawan da suka shaida, ku rubuta ƙorafi da sunan ƙungiyar unguwa zuwa KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta jihar Kano, da ma'aikatar ƙasa, ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimi. Kar ku je da baki kawai. Kududdufin ma ya fi sauƙin karewa, domin hanyar ruwa ce, ku ɗauki hotonsa da bidiyo yanzu kafin a gama cike shi. Su kuma masu jan fenti a katanga su sani diyya a doka ta abin da ka ɗora a kan ƙasa ce, gini, bishiya, amfanin gona, shi ya sa za ka ga mutum ya tashi cikin dare yana jera bulo da ya ji titi zai bi ta gonarsa.

Uwar Biyu:
Hmm ni kududdufin nan ne ya taɓa min zuciya. A cikin gari na tashi, muna yara kusan kowace unguwa da nata, daga nan aka ɗebi ƙasar da aka gina gidajen har da ganuwa, ramin kuma ya zama matattarar ruwa. Eh akwai sauro akwai wari, ba na musu, har yara sun sha faɗawa. Amma da aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka cike aka yi shaguna, ina ruwan zai je? Gidan yayata yanzu duk watan Agusta sai sun ɗora katifu a kan kujeru, da kwano ake kwarfar ruwa daga tsakar ɗaki, alhali shekara da shekaru ba su san haka ba. Ku kalli badala ma, wurin da muke hawa muna hango gari, yau wani wajen sai an nuna maka an ce nan take da. Ɗan uwa in za a yi muku titin nan ku tsaya kan kwalbati da magudana mai faɗi, don in aka ɗaga titi aka cike kududdufi lokaci guda to gidajenku ne sabon kududdufin.

Mai Shago a Kwari:
Ni fa ban yarda duk laifin na ƴan siyasa ba ne. Waye yake sayarwa, waye yake saya? Mu ne. Wanda ya kafa turakun nan ina tabbatar maka a sahun gaba yake sallah a masallacinku. Kowa na son a bar fili amma ba wanda yake so a bar nasa, da an ji kwalta za ta zo fuloti ya ninka kuɗi sai kowa ido ya rufe. Kuma ku tuna rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023, shagunan filin idi, otal ɗin Daula da sauransu, mutane sun sayi wuri da takardun gwamnati a hannu, wata gwamnatin ta zo ta ce filin jama'a ne ta sa katafila. Ko me mutum yake gani game da wannan, wanda zai sayi yankin filin ƙwallonku ku tuna masa kawai, wataƙila jikinsa ya yi sanyi.

Batun kansila kuwa Malam ka daina wahalar da katin wayarka. A zaɓen Oktoba 2024 NNPP ce ta kwashe ƙananan hukumomi 44 gaba ɗaya, a 2021 APC ce ta kwashe 44 ɗin, to wanda ya san ba ƙuri'arka ce ta kai shi ba don me zai ɗaga wayarka? Kotun ƙoli ta ce a 2024 a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma ko an ba su, wannan maganar kuɗi ce, ba ta ba ciyaman ikon filin birni ba.

Tsohon Safiyo:
Duk da haka kar su watsar da kansilan gaba ɗaya Alhaji. Ba zai iya hanawa ba amma takardar da ta bi ta ofishin ciyaman da hakimi ta fi saurin samun mai karantawa fiye da wadda matasa uku suka kai da hannu.

Ɗan Gefen Gari:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Hajiya. Na je wajen mai unguwa bayan isha'i, ashe filin gonar wani tsoho ce da ya rasu, ƴaƴansa tara kuma biyu ne kawai suka yarda a sayar, sauran ko labari ba su da shi sai da suka ga turaku. Kududdufin kuwa ya ce shi bai san wanda ya ba tifa izini ba. Ranar Juma'a bayan masallaci za mu zauna da babban ɗan marigayin, liman ya ce zai shiga maganar. Hotunan na ɗauka yau da safe, an riga an ci kusan kashi ɗaya cikin uku na ramin. Baba in ba damuwa zan turo maka takardar ƙorafin ka duba mana kafin mu kai.