Ɗigogin zanen Excel sun sarƙe da juna, ina kuskuren yake?

Hadiza, Tawa

Assalamu alaikum. Ina riƙe da lissafin wata ƙungiyar manoma a nan Tawa, kuma bayan kowace damina ƙauyuka suna aiko mini da yawan ruwan da ya sauka a milimita, tare da adadin damman hatsin da aka samu. Na gaji da yin zanen da hannu, shi ya sa na rubuta ɗan tsari da yaren kwamfuta na Python da openpyxl, kayan aikinsa na rubuta fayil ɗin Excel, domin ya fitar mini da zanen ɗigo-ɗigo, wanda Excel na Faransanci yake kira Nuage de points. Zanen ya fito, sai dai wani layi ya bi ɗigogin ya sarƙe su kamar zaren da kaza ta shiga, sannan a layin kwance, maimakon in ga 380 ko 450, sai nake ganin 1, 2, 3. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka mini.

Malam Sani, Yamai

Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Maganar layin mai sauƙi ce, domin openpyxl yana haɗa ɗigogin bisa jerin da ya same su a tebur, sai an hana shi. Bayan kin gina Series, wato jerin ɗigogin zanen, wanda na kira `s` a nan, ki ƙara waɗannan:

`s.marker.symbol = "circle"`
`s.graphicalProperties.line.noFill = True`

Ki kuma duba abin da kika fara ba shi, domin a `Series(values, xvalues)` lambobin layin tsaye ne suke zuwa farko, wato damman hatsi, sannan ruwan sama ya biyo baya. Mutane da yawa suna juya su ba su sani ba.

Abdulkarim, Yamai

Abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma ba zai kawar da 1, 2, 3 ɗin ba. Ina kyautata zaton lambobin ruwan sun shigo daga fayil na CSV, wato tebur da aka adana a matsayin rubutu zalla, da aka rubuta irin namu na Faransanci, inda ake sa waƙafi a tsakiyar lamba, kamar 412,5. Python ba ya ɗaukar wannan a matsayin lamba, sai ya zuba shi cikin gurbin a matsayin rubutu, shi kuwa Excel idan ya tarar da rubutu a jerin da zai shimfiɗa a kwance, sai ya yi watsi da shi ya ƙirga layukan da kansa. Ki buɗe fayil ɗin ki duba, Yaya Hadiza: lamba ta gaskiya tana jingina da hannun dama na gurbi, rubutu kuwa yana manne da hagu. Na taɓa kwana biyu ina zargin tsarin da na rubuta, ashe waƙafi ne kawai. Idan da pandas, kayan aikin Python na sarrafa tebur, kike karanta fayil ɗin, ki ba shi `sep=";"` da `decimal=","`, in ba haka ba ki mayar da waƙafin aya kafin ki kira `float`, wanda yake mayar da rubutu lamba.

Hadiza, Tawa

Allah ya saka muku da alheri. Duk lambobin ruwan a hagu na same su. Yanzu ɗigogin sun watsu yadda ya kamata, sai dai lambobin gefen zanen sun ɓace gaba ɗaya bayan da na sabunta openpyxl.

Malam Sani, Yamai

Wannan sananniyar matsala ce tun fitowar openpyxl 3.1. Ki sa `chart.x_axis.delete = False`, ki yi haka ga `y_axis` ma, za su dawo. Kuma tun da za ki riƙa ƙara bayanan kowace damina, ki sani cewa openpyxl ba lallai ne ya riƙe dukkan fasalin tsohon zane ba idan ya buɗe fayil ya sake adana shi, don haka ki bar tsarin ya sake zana shi duk lokacin da kika kunna shi.