Shafina yana buɗewa amma ba a iya biya, ina neman shawara

Maman Iman: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi a Wuse, ina da shafin intanet. Manhajar da ke sa mini ido buɗewar shafin kawai take dubawa. Ranar Asabar maɓallin biyan kuɗi ya daina aiki, ita kuwa tana nuna kore, sai da wata kwastoma ta kira ni. An ce in sa binciken da ke bi mataki-mataki, ya shiga, ya sa kaya a kwando, ya kai wajen biya. Waɗanda suka taɓa yi, ya kuka yi da OTP, lambar da banki ke turowa waya lokacin biya? Kuma nawa ne?

Abba Kubwa: Hajiya ki sa UptimeRobot, akwai na kyauta, duk minti 5 yake dubawa.

Maman Iman: Irin wannan ai ina da shi, Abba.

Alhajin Gwarinpa: Hajiya ki yi hattara. Wani yaro ya haɗa mini irinsa ana gab da Babbar Sallah, ya karɓi dubu 150. Ashe oda ta gaske bot ɗin, wato manhajar da ke yin binciken, yake yi, da zaɓin biya idan kaya sun iso. Kowace oda tana cire shadda ɗaya daga lissafin sito, kafin gari ya waye shafi ya rubuta kaya sun ƙare, alhali ga su jibge a shago. Yarana har sun fara ɗaure kaya. Kasuwar Sallah ta wuce ni ina gani. Na kira shi, waya a kashe. Allah ya isa.

Ummi Garki: Dubu 150? Ni dubu 40 aka yi mini.

Sadiq Jos: Naki shiga kawai yake gwadawa, Anti, ba ɗaya ba ne. Hajiya, ki buɗe asusun gwaji da kaya guda na gwaji wanda ba ya taɓa sito. Bot ya tsaya da zarar shafin biya ya buɗe ya nuna adadin kuɗin daidai, don OTP waya yake zuwa. Paystack, kamfanin karɓar biyan kuɗi ta intanet, na da yanayin gwaji, amma makullan haɗa shi da shafi daban ne, nasararsa ba ta nuna na gaske yana aiki. Manhajar Checkly na yin irin wannan binciken da Playwright, abin da ke sarrafa burauza da kansa, manhajar Pingdom ma tana yin irinsa. Ki sa sai binciken ya gaza daga wurare biyu kafin alat, kuma duk ranar da aka canza fasalin maɓalli sai an gyara matakan.

Alhajin Gwarinpa: Haka wancan ma ya yi ta zubo bayani. Ka taɓa sayar da ko yadi ɗaya?

Sadiq Jos: Ranka ya daɗe, aikina ke nan.

Abba Kubwa: Alhaji da ka bar bot ɗin, ai ka samu kwastoman da ba ya neman ragi 😂

Ummi Garki: Ni damuwata biyan wata-wata da dala. Katina ya ƙi wucewa, sai ɗan'uwana ke biya mini daga waje.

Alhajin Gwarinpa: Ke kin samu mai biya. Ni sunan shafin ma da imel ɗin yaron aka yi rajistarsa, har yau kalmar sirrin tana hannunsa.

Ummi Garki: Wallahi nawa ma haka ne. Wa ya san yadda ake karɓowa?

Maman Iman: To Malam Sadiq, na watan nawa zai kama?