Allurar haɗa lokacin barbara: me kuka gani a garkenku?

Mai tatsa daga Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shanun tatsa goma sha biyu gare ni, Bunaji da ruwa-biyun Firisiyan. Bana likitan dabbobi ya ba ni shawarar a yi musu allurar da ke daidaita lokacin neman sa, a zuba musu maniyyi rana ɗaya. Tsarin Ovsynch ya bi: allurar GnRH (mai sa saniya ta saki ƙwai), bayan kwana 7 allurar PG (mai kawo neman sa), bayan kwana 2 GnRH kuma, sannan a zuba maniyyi bayan kamar awa 16. Takwas aka yi wa, uku suka ɗauka. Na gode Allah, amma wani abu ya tsaya mini a rai. Cikin ukun akwai wata da tun da na saye ta ban taɓa ganin ta nemi sa da kanta ba. In ta haifi mace, in riƙe 'yar ko in sayar? Wanda ya taɓa yi ya faɗa mana abin da ya gani.

Hajiya mai nono, wajen Kano:
Wa alaikumus salam Malam. Ka ma yi sa'a. Ni karon farko a tsakiyar bazara na yi, shanun duk sun rame, kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga bakin shinge. Shida aka yi wa, ko ɗaya ba ta ɗauka ba. Kuɗin allura, kuɗin maniyyi, kuɗin motar likita sau huɗu, duk suka tafi. Sai na haƙura har damina ta yi nisa, na ƙara musu angurya da dusa da kanwa na wata biyu, gadon bayansu ya cika. Da aka sake, huɗu suka ɗauka. Saniyar da yunwa ta ci, jikinta ba ya amsa allura.

Ɗan makiyayi, Bauchi:
Ni gargaɗi ne nawa. Ku tabbata an duba ciki kafin a yi allurar PG. Wata karsanarmu ashe sa ya hau ta a wurin kiwo ba mu sani ba. Wanda ya zo yin allurar bai saka hannu ya duba ba, mu ma ba mu tambaya ba. Kwana uku bayan haka da asuba na same ta tsaye ita kaɗai a gefen garke, ta yi ɓari. Har yau mahaifina bai yarda a sake kawo allurar nan rugarmu ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Mai aikin zuba maniyyi:
Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Abin da PG ke yi kenan ga saniya mai ƙaramin ciki, shi ya sa dubawa ta zama dole.

Malam na Zariya, tambayarka ita ce babba. Saniya lafiyayya tana neman sa duk bayan kwana 21 ko kusa da haka. Sai dai shanunmu masu tozo lokacinsu gajere ne, sau da yawa cikin dare yake zuwa ya wuce kowa na barci. Don haka rashin ganinta ba ya nufin ba ta yi. Amfanin allurar kenan, ba sai ka kwana kana gadi ba.

Amma akwai abin da take ɓoyewa. A Jami'ar Wiskonsin ta Amurka aka fito da Ovsynch a 1995, kuma can ana auna darajar bijimi ne da 'ya'yansa mata: kwana nawa suke yi daga haihuwa zuwa barbarar farko, kwana nawa kafin su sake ɗaukar ciki. To in mai gona ya yi wa duk shanunsa allura ya zuba musu rana ɗaya, wadda jikinta ke dawowa da wuri da wadda ke jan ƙafa sai su zama ɗaya a takarda. Ranar da mai gona ya zaɓa aka rubuta, ba ranar saniyar ba. Dama rabon gado a harkar haihuwa ɗan kaɗan ne, abinci da lafiya da zafin rana sun fi ƙarfi, ga allura ta zo ta ƙara rufe ɗan abin da ake iya gani. Ni a littafina kowace barbara ina rubuta mata ko da kanta ta nema, ko allura ce ta kawo ta. Bayan haihuwa biyu ko uku hoton yana fitowa.

Ku riƙa leƙa tulun maniyyin kuma. In ruwan naitirojin da ke daskarar da shi ya yi ƙasa, maniyyin ya lalace, sai a ɗora wa saniya laifin da ba nata ba.

Baban Azawak, Tawa:
Mu nan Nijar, tun kafin allura, dattawanmu da uwa suke zaɓe. Tsohona ba ya rubutu, amma zai nuna maka saniya ya ce kakar wannan duk shekara take haihuwa, waccan kuwa zuriyarsu sai sun tsallake damina. Tsorona shi ne yaranmu su taso ba su san wannan ba, tunda duk maruƙan a mako ɗaya suke faɗowa. Na yi allurar sau biyu, na ji daɗinta don haihuwar ta zo daidai da ciyawa. Amma karsanan da zan bar wa garke, daga uwayen da suka ɗauka da kansu nake cirewa.

Mai tatsa daga Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, maganarki ta sa na koma na duba biyar ɗin da ba su ɗauka ba, uku a cikinsu su ne ramammun garken. Ita kuma waccan da ban taɓa ganin ta nemi sa ba, in ta haihu lafiya zan ba ta wata uku ba allura, in sa yarona ya riƙa zagayawa bayan isha'i da kafin asuba ko za a ga wasu na hawanta ta tsaya. Na riga na sayi littafi, na ja layi biyu a kowane shafi kamar yadda mai aikin zuba maniyyi yake yi. Ɗan'uwa na Bauchi, wata nawa karsanar taku ta yi kafin ta sake neman sa?