In bar Android in koma iPhone? Don Allah a ba ni shawara kafin kwasar adashe

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba a kan maganar nan. Ina saida atamfa da leshi da mayafai daga gida, nan Sabuwar Unguwa a Katsina, kuma kusan duk cinikina a status na WhatsApp nake yin shi. Shekara huɗu ina sana'ar. Da kuɗin ɗinki na fara, turmi biyu kacal, maigida ya ƙara mani na uku bayan an sha fama, har sai da yayarshi ta sa baki, wannan ma labari ne mai zaman kanshi. To yanzu muna adashe mu goma sha biyu, uwar adashen ƙawar mamata ce, da ni ce ta takwas amma wata ta roƙe ni muka yi musaya saboda bikin ɗiyarta, sai na koma ta sha ɗaya. Ƙarshen watan nan zan kwasa, N360,000. Tun farko niyyata in ƙaro kaya daga Kantin Kwari kafin azumi. Amma akwai wata da muke sana'a iri ɗaya, ba zan ce ko wace ce ba don wasu a nan sun san ta, tun da ta riƙe iPhone hotunanta kamar a shago aka ɗauka. Leshi ɗaya muka saro a wuri ɗaya, nata ya ƙare cikin kwana biyar, nawa har yau saura uku. Kwastoma ta ce mani wai nawa kamar ya koɗe a hoto. Wayata Android ce, shekararta uku, gilashin ya tsage ta gefe tun da Hanifa ta yar da ita a tsakar gida, kullum tana cewa wuri ya cika. Akwai yaron da ya ce zai kawo mani iPhone 'yar Landan mai kyau. In saya ko in haƙura? Na gode.

Anti Malama: Wa alaikumus salam. Wace iPhone ɗin? Kuma nawa ya ce? Kin ba mu tarihin adashe kaf, ba ki faɗi wannan ba.

Maman Hanifa: Anti mai ido biyu ce a baya, ja. Ya ce sai na shirya mu yi maganar kuɗi.

Injiniya Mai Gyara: Hajiya ki saurare ni da kyau, shekarata goma sha ɗaya ina buɗe cikin waya, abin da zan faɗa maki ba a littafi na karanta ba. Mai ido biyu ja, ko 11 ce ko 12 ko 13 ko 14, kuma tsakanin 11 da 14 akwai shekara uku da kuɗi mai yawa. Tun nan ki gane mai kawo maki wayar bai so ki sani. iPhone 11 a 2019 ta fito. Duk wadda za a miƙo maki yau ta yi shekaru a hannun wani, ko da kuwa an goge ta tana ƙyalli. Ƙarfin batirinta tana sabuwa ma 3110mAh ne, alhali Tecno da Infinix na tsaka-tsaki yawanci 5000 suke zuwa da shi. Ke da kike yini kan status da amsa kwastoma, a garin da wuta sai ta ga dama, kin yi lissafin wannan? Na biyu, in ya kawo, kada ki duba launi, ki shiga Settings ki duba lafiyar batir. Ƙasa da kashi 80 cikin ɗari Apple da kansu sun ce ya kai a canza. In kuma kika ga tsohuwar waya na nuna 100 cif, to ki ƙara tsorata, don akwai na'urar da ake ɗaga lambar da ita. Na uku ki tabbatar ya fita daga iCloud ɗinshi, wato asusunshi na Apple, a gabanki, a goge wayar a kunna ta daga farko da layinki a ciki. Wayar da ke kulle da iCloud ɗin wani dutsen guga ce, ba ni ba, ko Farm Centre kika kai ta Kano sai dai a cire kayan ciki a saida. Shawarata a taƙaice: kada ki saya.

Amaryar Daura: Kai Injiniya kullum sai tsoratar da mutane. Ni shekara biyu ina riƙe da 12 kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa tsaya mani ba. Maman Hanifa ki saya abinki. Wallahi mutane kallon wayar hannunka suke kafin su kalli kayanka. Ranar da na je wani biki a GRA na fito da ita zan ɗauki hoto, matar da ta share ni tun shigowata ita ce ta taso tana tambayar lambata. Kuma in kin tashi saidawa tana da daraja, ba kamar Android da in ka cire ta daga kwali ta zama rabin kuɗi ba.

Injiniya Mai Gyara: Amarya ke maigida ya saya maki a kwali. Ita da jarinta za ta saya a hannun yaron da ko shago ba a ce yana da shi ba. Ba ɗaya ba ne.

Maman Hanifa: Yaron ba baƙo ba ne fa Injiniya, ƙanen mijin ƙawata ne, tare suke salla da maigida. Ba zai cuce ni ba in sha Allah.

Hajiya 'Yar Jibiya: Hmm. Ni ma haka na ce. Ɗan maƙwabcinmu ne, a gabana aka yi sunanshi. Ya kawo mani waya ta yi sati biyu lafiya lau, ranar da na canza layi sai ta ƙi karɓa, ashe 'yar Amurka ce da ke kulle da kamfanin layin can, wani ɗan siririn abu suka liƙa ƙarƙashin sim ɗin. Da na mayar mashi sai ya ce ai ni na taɓa ta. Uwarshi har yau ba ta gaishe ni, kuɗina kuma rabi aka biya, sauran an ce in bar wa Allah. Abin da ya fi ƙona mani rai ma ba kuɗin ba ne, a taron suna aka riƙa nuna ni wai na kai ɗan mutane wurin mai unguwa. Ni da aka cuta! Kuma ke da kike da kwastomomi a Maraɗi, ina za ki sa layin Nijar ɗinki? Ni layi biyu nake yawo da su dole, in na tsallaka in kunna wancan.

Maman Hanifa: Allah Ya mayar maki da alheri Hajiya. Amma ai an ce tana cin layi biyu.

Injiniya Mai Gyara: Tana ci, amma ba yadda kika saba ba. Ramin sim ɗaya ne, na biyun eSIM ne, wato layin da ba kati, sai kin je ofis an sa maki shi a cikin wayar. MTN da Airtel suna yi. Masu rami biyu na China da Hong Kong ne. 'Yan Amurka kuwa daga iPhone 14, wato tun 2022, ko ramin ma babu. Akwai waɗanda ake fasa su a yi masu rami da hannu, na sha ganinsu a teburina. Sannan ba ki tambayi babban abin ba: hirarrakinki na WhatsApp. Na Android a Google Drive yake ajiye su, na iPhone a iCloud, kuma ɗaya bai karanta na ɗaya. Akwai manhajar Move to iOS da ke kwashe su, amma sai iPhone ɗin tana sabuwa ko an goge ta tas, wayoyin biyu suna kusa kuma a jone da caji. In kika fara amfani da ita kafin ki kwashe, sai an sake gogewa. Ke da bashin mutane ke rubuce a cikin hira, wance turmi biyu saura dubu bakwai, wance za ta biya ƙarshen wata, in suka bi ruwa wa zai tuna maki? Ga wurin ajiya: Google 15GB yake ba ki kyauta, iCloud 5GB, daga nan sai biya duk wata. iPhone ba ta cin memori kad. Cajar gidanku ma ba za ta shiga ba, don sai daga iPhone 15 a 2023 suka koma irin bakin cajar Android.

Baba Alhaji: Ba ta cin memori? To karatun Alƙur'ani da tafsirin da ke cikin nawa fa, a ina mutum zai zuba? An ce mani ko rediyon FM babu a cikinta sai da data. Allah Ya sauwaƙe. Ni dai 'yar ƙaramata mai tocila ta ishe ni, kwana huɗu ban caji ba. Lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi a 2021 duk masu manyan wayoyin nan tare muka riƙa shigowa Katsina neman sabis, ba wanda tashi ta fi ta wani.

Ɗan Ƙofar Sauri: Baba ai yanzu magana ta wuce tocila. Ni matsalata da Android ɗin ƙananan kuɗi ita ce shekara biyu sai a daina turo masu sabuntawa, ga tallace-tallace ko'ina. iPhone 11 ta 2019 har iOS 26, wato sabon tsarin aikin iPhone, ta samu a 2025. Wace wayar dubu ɗari da wani abu ce za ta yi maka haka? Amma gaskiya in ni ne ke, Samsung zan nema, ko da ta hannu ce. Kyamara mai kyau, kuma ba sai kin koyi komai sabo ba.

Injiniya Mai Gyara: Ka tambayi kuɗin gilashin Samsung mai lanƙwasa tukuna ka dawo. Kuma tunda ka kawo maganar sabuntawa, iPhone XR da XS an bar su a baya a wannan iOS 26 ɗin, iPhone 6 kuma WhatsApp ya daina aiki a kanta a 2025. Layi ne, kowa da ranarshi, daga su sai 11.

Anti Malama: Ni fa duk kun bar inda matsalar take. Maman Hanifa na shiga status ɗinki yanzu. Leshin nan ruwan goro a kan gado kika shimfiɗa shi, cikin ɗaki, da dare, da fitilar waya, ga zanen gado mai fulawa yana faɗa da shi, ga ƙafar yarinya ta fito a gefe. Ko da wayar miliyan aka ɗauka haka zai fito. Ki samu farin yadi ki rataya a inuwar tsakar gida da hantsi, ki goge idon kyamarar da gefen mayafinki, don na tabbata maiƙo ne a kai. WhatsApp ɗin ma matse hoto yake yi a status ko da wace waya aka ɗauka. In kwastoma ta nemi gani sosai ki tura mata kai tsaye ki danna HD. Ki gwada sati ɗaya, ba ko sisi. Ita waccan da kike magana, kin tabbata waya ce kawai? Wataƙila tana ba da bashi, ko ta fi ki sauƙi da ɗari biyar.

Maman Hanifa: Anti da rana ina makarantar Islamiyya da girki, sai dare nake samun kaina. Kuma ba wai gasa nake da kowa ba, Allah Ya sani. Ni dai na ga duk masu sana'ar da suka ci gaba ita suke riƙewa. Wayar tawa ma ai dole a canza ta, ko ba iPhone ba.

Injiniya Mai Gyara: Kawo ta in canza gilashi, a kwashe hotunan biki da bidiyon guruf-guruf da suka cika ta, za ta ƙara maki shekara. Ko ki sayi sabuwar Android a kwali da garanti, Tecno da Infinix da itel duk kamfani ɗaya ne, Transsion, kuma suna da wurin gyaransu, Carlcare. Apple ba su da shagon kansu ko ɗaya a Nijeriya, sai dillalai. Rabin kuɗin ya isa, rabin ki tafi Kwari.

Amaryar Daura: Ka ji ko, dama kasuwa yake nema wa kanshi.

Injiniya Mai Gyara: In kasuwa nake nema ai sai in ce ta saya. Gilashin iPhone ɗaya ya fi mani gyaran Android uku riba.

Hajiya 'Yar Jibiya: Ni dai ki kula da 'yan ƙwace in kin saya. Ɗiyar ƙanwata a cikin Keke Napep aka fizge tata wajen Ƙofar Ƙaura, ko wata biyu ba ta yi ba, kuma har yanzu ana biyan bashin kuɗinta. Maigidanki ma ya sani kuwa? Kada ki kwaso adashe ya ga waya a hannunki maimakon kaya.

Maman Hanifa: Kuɗina ne Hajiya, ni na yi zubin. Zan faɗa mashi in lokaci ya yi. Na gode maku duka, na karanta komai. Yaron ya turo hotonta yanzu, ya ce 11 ce, 64GB, batir 100, wai akwai wani mai so in ban ba da wani abu ba kafin Juma'a.

Injiniya Mai Gyara: Batir 100 a wayar 2019. Na gama magana.

Ɗan Ƙofar Sauri: 64GB kuma ba memori? Taki ta yanzu nawa ce da take cewa ta cika?

Maman Hanifa: Ban sani ba, a ina ake dubawa? Amarya don Allah in an kashe data iPhone tana karɓar Xender, manhajar nan ta tura hotuna da bidiyo? Kuma jar ta fi kyau ko fara?

Amaryar Daura: Ja mana. Ki yi mani magana ta gefe.